Wace manhaja ta dace da kyamarar da za ta riƙa nuna waje a intanet?

Mai tambaya yana da wuri mai kyan gani, inda ake hango sararin sama da tsaunuka daga saman gininsa, kuma yana so ya kafa kyamara da za ta riƙa nuna wurin a shafinsa na intanet dare da rana. Da ya bincika sai ya tarar manhajojin sun yi yawa, wasu kyauta wasu na kuɗi, shi ne yake neman a gaya masa wadda zai ɗauka.

Kafin in ambaci sunan kowace manhaja, ina so ka riƙe ma'auni guda, domin da shi za ka tace sauran. Kyamarar da ake kiran bidiyo da ita tana gabanka, idan ta tsaya kana gani, nan take ka gyara. Wadda za ta nuna waje kuwa aiki take yi ba mai tsaronta, tana can a kan rufi ko jikin bango, cikin rana da ruwa, kai kuma kana barci ko ka yi tafiya. Saboda haka abin da za ka fara tambaya game da kowace manhaja shi ne: idan wuta ta ɗauke da tsakar dare ta dawo, ko layin intanet ya yanke na awa biyu, za ta tashi da kanta ta ci gaba da aiki ba tare da wani ya taɓa ta ba? Manhajar da ta kasa wannan ba ta dace da aikinka ba, komai yawan abubuwan da aka jera a tallarta. Wasu kyamarorin da za ka gani a intanet sun daskare a kan hoton watanni da suka wuce, na'urarsu lafiya lau take, wani ɗan akwati ne kawai ya fito a fuskar kwamfuta yana jiran a danna masa, ba kowa a wurin.

Abu na biyu da za ka yanke, shi ma tun kafin zaɓen manhaja, shi ne ko hoto kake so ya riƙa sabuntawa lokaci-lokaci, ko kuwa bidiyo kai tsaye. Mutane da yawa suna ɗauka bidiyon ne ya fi, amma ka duba lissafin. Bidiyo mai kyau matsakaici, a ce megabit 4 a kowace daƙiƙa (megabit 8 ne megabait ɗaya), zai ci kusan gigabait 43 a rana, wato wajen terabait 1.3 a wata, kuma duk wannan fita zai riƙa yi daga wurinka zuwa intanet, ɓangaren da ya fi rauni a yawancin layuka. Hoto guda mai nauyin kilobait 300, idan ana aika shi kowane minti ɗaya, megabait 432 ne a rana, kusan gigabait 13 a wata. Idan kowane minti biyar ne, bai kai gigabait 3 a wata ba. Bambancin ya kai ninki ɗari. Ga wanda ke nuna tsauni, gajimare, gona ko yanayin sama, abin da ke gaban kyamarar a hankali yake sauyawa, kuma hoto tsayayye yakan fi bidiyo fita tsaf, saboda ba a matse shi kamar yadda ake matse bidiyo. Kyamarar farko da aka sani a yanar gizo, wadda ke kallon tukunyar kofi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, wadda aka haɗa da yanar a 1993, hoto tsayayye take aikawa, kuma ta yi aiki har 2001. Bidiyo yana da hujja ne idan motsin shi ne abin kallo, kamar igiyar ruwa a bakin teku, shigowar jirage tashar ruwa, ko tsuntsu a sheƙarsa. In ba haka ba, shawarata ka fara da hoto.

Sai irin kyamarar, domin ita ke ƙayyade manhajar da za ta yiwu. Kyamarar USB ta kan tebur ba a yi ta don waje ba. Kebul ɗin USB 2.0 bai wuce mita 5 ba a ƙa'ida, jikinta ba ya jure ruwa, kuma dole kwamfuta ta kasance kusa da ita a kunne kullum. Masu ajiye ta a bayan gilashin taga suna fama da abu biyu: da dare fitilar ɗaki tana bayyana a cikin hoton, da rana kuma idan ɗigon ruwa ya sauka a gilashin sai idon kyamarar ya koma kansa, tsaunin da ake son gani ya zama dishi-dishi. Abin da ya dace shi ne kyamarar netwok da aka ƙera don waje, mai lambar kariya daga ƙura da ruwa IP66 ko IP67, wadda ke karɓar wuta ta cikin kebul ɗin netwok ɗin kansa, tsarin da ake kira PoE, kuma kebul ɗin yana iya kaiwa mita 100. Sai dai ka tabbatar kafin ka saya cewa tana fitar da bidiyo ta hanyar RTSP, wato tsarin da kyamara ke miƙa bidiyo kai tsaye ta netwok, kuma tana bin ƙa'idar ONVIF, wadda kamfanonin Axis, Bosch da Sony suka kafa a 2008 domin kyamarori da manhajoji na kamfanoni daban-daban su iya aiki tare. Akwai kyamarori masu araha da ba sa magana da komai sai manhajar waya ta kamfanin da ya yi su. Irin waɗannan ka ƙyale su, domin duk manhajar da zan ambata a ƙasa ba za ta iya karɓar hoto daga gare su ba, kuma ranar da kamfanin ya rufe hidimarsa kyamarar ta tashi aiki.

Idan hoto tsayayye ka zaɓa, to ka fara duba cikin saitin kyamarar kanta, domin mai yiwuwa ba ka buƙatar wata manhaja ko kaɗan. Kyamarorin netwok da yawa suna iya ɗaukar hoto bisa jadawali su aika shi ta FTP, wato tsarin tura fayil ta intanet, zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka. Wannan ita ce hanya mafi ƙarancin abin lalacewa: babu kwamfuta a tsakani, wuta na dawowa kyamara ta tashi ta ci gaba. Matsalarta biyu ce. Wasu kyamarorin suna ba kowane hoto sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, alhali shafinka yana neman fayil ɗaya mai suna ɗaya, don haka sai an rubuta wani ɗan umarni a sabar da zai riƙa ɗauko na baya-bayan nan. Sannan FTP na asali tsohon tsari ne da ke aika kalmar sirri a fili ba tare da ɓoyewa ba. Idan kyamarar tana da SFTP ko FTPS, waɗanda ke ɓoye kalmar sirrin, su za ka bi. Idan ba ta da su, ka buɗe mata asusu na daban wanda ba ya iya taɓa komai a sabar sai babban fayil guda da hotunan ke shiga.

Idan kana son iko fiye da haka, ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi mai Linux ta wadatar. Wani ɗan gajeren umarni da cron, mai tayar da ayyuka bisa jadawali a Linux, zai riƙa tayarwa kowane minti zai karɓi hoto daga kyamarar da curl (manhajar sauko da fayil) ko FFmpeg (manhajar sarrafa hoto da bidiyo), ya rage girmansa, ya rubuta lokaci a kai, ya tura. Na fi son wannan tsari saboda kowane zagaye mai zaman kansa ne: idan na wannan minti ya gaza, na minti mai zuwa zai fara daga farko, ba abin da zai maƙale. Ga mai amfani da Windows wanda ba ya son rubuta umarni, Yawcam tsohuwar manhaja ce ta kyauta da aka yi don wannan aiki, tana aika hoto ta FTP bisa jadawali, tana ɗora rubutu a kan hoton, kuma ana iya saita ta ta tashi tare da kwamfutar ko da ba wanda ya shiga. Sai ka tuna cewa Windows takan sake kunna kanta bayan sabuntawa, kuma dole ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka saita kwamfutar ta kunnu da kanta idan wuta ta dawo, in ba haka ba manhajar ba za ta sami damar nuna ƙwazonta ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa uku da nake dubawa a kowace manhajar hoto, kuma su ne ke bambanta wadda aka yi da lura da wadda aka yi da gaggawa. Na farko shi ne yadda take ɗora fayil. Idan ta rubuta sabon hoton kai tsaye a kan tsohon, duk baƙon da ya buɗe shafin a daidai wannan daƙiƙar zai ga rabin hoto, sama ta fito da gajimarenta, ƙasa kuma toka-toka babu komai. A layi mai jinkiri wannan yana faruwa sau da yawa. Manhaja mai kyau tana ɗora hoton da sunan wucin gadi, sai ya gama shiga sannan ta sauya masa suna, abin da ke faruwa a take. Na biyu shi ne rubuta kwanan wata da lokaci a jikin hoton kansa. Lokacin da shafi ke nunawa a gefe ba abin dogaro ba ne, domin shafin zai ci gaba da nuna lokacin yanzu ko da hoton na jiya ne, mai kallo kuma ya yanke shawarar fita ko zama bisa yanayin da ya riga ya wuce. Don lokacin ya zama daidai, na'urar ta riƙa daidaita agogonta ta NTP, wato tsarin karɓar lokaci daga intanet, musamman da yake samfuran Raspberry Pi kafin na 5 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su. Na ukun yana ɓangaren shafi: burauza tana ajiye kwafin hoto don kada ta sake saukewa, don haka sai an gaya mata kada ta ajiye wannan, ko a riƙa liƙa lokaci a ƙarshen adireshin hoton domin ta ɗauke shi sabo.

Idan kuwa bidiyo kai tsaye kake buƙata, abin da ya kamata ka fahimta shi ne burauza ba ta kunna RTSP, saboda haka dole wani abu ya tsaya tsakanin kyamararka da masu kallo. Kuma bai kamata masu kallo su riƙa jan bidiyon daga layinka ba, domin mutum 50 a kan megabit 4 megabit 200 ke nan. Hanyar da ta dace ita ce ka tura kwafi ɗaya zuwa wani dandali irin YouTube ta hanyar RTMP, wato tsarin tura bidiyo kai tsaye zuwa irin wannan dandali, shi kuma ya raba wa duniya, sannan ka saka akwatin bidiyon a shafinka. Wasu kyamarori suna iya tura RTMP da kansu, kuma idan taka tana yi, ka gwada wannan tukuna.

In ba ta yi, zaɓin yana tsakanin OBS Studio da FFmpeg, dukansu kyauta. OBS tana da sauƙin koyo, kana ganin abin da kake yi, kana iya ɗora tambari, agogo ko ma'aunin zafi a kan bidiyon, kuma tana sake haɗuwa da kanta idan layi ya yanke. Amma an tsara ta ne don mutumin da ke zaune gabanta. Tana warware bidiyon ta sake matse shi, abin da ke buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da ke cin wuta awa 24, kuma sababbin samfuranta, idan aka kashe su ba bisa ƙa'ida ba kamar yadda ɗaukewar wuta ke yi, sukan tashi da tambayar ko a buɗe su a yanayin kariya, su tsaya jiran amsa. FFmpeg ba ta da fuska, rubutaccen umarni ce, amma tana iya karɓar bidiyon da kyamara ta riga ta matse a tsarin H.264 ta miƙa shi yadda yake ba tare da sake matsewa ba, aikin da ƙaramar kwamfuta ke yi ba tare da ta yi zafi ba. Idan layi ya yanke takan fita gaba ɗaya, don haka ana ɗora ta a ƙarƙashin systemd, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, tare da umarnin a sake tayar da ita duk lokacin da ta mutu. A ganina wannan haɗin shi ne mafi dogaro ga aikin da ba mai tsaro. Rubutun da kake son gani a kan bidiyon, kamar sunan wuri da lokaci, sai ka sa kyamarar ta ɗora shi da kanta. Ka saita ta ta riƙa fitar da cikakken firam, wato hoto ɗaya cikakke a cikin jerin hotunan bidiyon, kowane daƙiƙa 2, kamar yadda YouTube ke so, ka ja RTSP ɗin ta TCP, hanyar da ke sake aiko abin da ya ɓace a hanya, domin kada hoton ya riƙa yagewa, kuma ka haɗa masa sautin shiru, saboda dandalin yakan ƙi nuna bidiyon da ya zo babu layin sauti. Ka kuma sani cewa YouTube ba ya ba da tabbacin ajiye shirin da ya wuce awa 12, kuma idan yankewa ta yi tsawo yana iya ɗauka an gama shirin, sabon da zai fara ya zo da wani adireshi, akwatin da ke shafinka ya ci gaba da nuna wanda ya ƙare. Wanda ba ya son dogaro da dandalin wani yana iya haya sabar ya ɗora MediaMTX, wadda ke karɓar RTSP ko RTMP ta mayar da shi HLS, tsarin bidiyon da burauza ke kunnawa, amma nauyin masu kallo ya dawo kansa ke nan.

Za ka ci karo da sunaye irin Blue Iris, Agent DVR, ZoneMinder da Frigate. Manhajoji ne masu kyau, amma na tsaro ne: aikinsu gano motsi, naɗar bidiyo da sanar da mai gida. Wasunsu suna iya aika hoto zuwa shafi, kuma idan da ma kana amfani da ɗaya daga ciki babu laifi ka ƙara mata wannan aiki. Ban ga dalilin ɗora su don kyamara ɗaya mai kallon sama ba.

Inda na fi son ka ɓata lokaci shi ne sarrafa haske, domin nan ne hoton waje ke yin kyau ko ya lalace, kuma yawancin masu zaɓen manhaja ba sa dubawa. Tsakanin tsakar rana da tsakar dare bambancin haske ya wuce abin da saiti ɗaya zai iya ɗauka. Kana buƙatar manhaja ko kyamarar da za ta bar ka ka kulle idonta a kan nesa don kada ya riƙa nema, ka tsayar da daidaiton launi don kada jan faɗuwar rana ya koma fari-fari saboda na'urar ta ɗauka kuskure ne, kuma ka sa mata saitin rana daban na dare daban, tana sauyawa bisa fitowa da faɗuwar rana a inda kake, tunda agogo kaɗai ba ya bin sauyin tsawon yini a cikin shekara. Kyamarorin tsaro da dare sukan koma baƙi da fari su kunna fitilun infrared, masu hasken da kyamara ke gani amma idon mutum ba ya gani. Waɗannan fitilu ba sa wuce 'yan mitoci goma-goma, ba abin da za su haska a tsauni, sai dai su jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashin, kai kuma ka wayi gari ka tarar hotunan dare duka wani farin zare ne mai ƙyalli yana kaɗawa a gaban duhu. Ka kashe su, ka bar kyamarar a launi, ka ba ta damar buɗe ido na tsawon lokaci. A nan hoto tsayayye ya sake yin gaba, domin yana iya tara haske na daƙiƙoƙi da dama har taurari su fito, abin da bidiyo mai firam 25 ko 30 a daƙiƙa ba zai iya ba. Wanda sararin sama ne ainihin abin da yake so ya duba Allsky, manhajar kyauta ta Raspberry Pi da ke sauya saiti bisa kusurwar rana. Wajen kafawa kuma ka guji fuskantar da kyamarar inda rana za ta riƙa shiga idonta kai tsaye.

Batun tsaron na'urar ba na wasa ba ne. Duk manhajar da ta ce ka buɗe ƙofa a rautarka, wato na'urar da ke haɗa gidanka da intanet, domin mutane su shigo su kalli kyamarar kai tsaye, ka bar ta. A 2016 mugun shirin nan Mirai ya mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, hari a ranar 21 ga Oktoba, manyan shafuka da dama suka daina buɗuwa. Tsarin da na bayyana a sama duk turawa yake yi daga ciki zuwa waje, ba ya buƙatar buɗe komai, kuma yana aiki har a layukan waya inda kamfani ke haɗa masu amfani da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofar ma ba ya yiwuwa. Ka sauya kalmar sirrin kyamarar tun ranar farko, ka kashe UPnP, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa a rauta, ka riƙa sabunta manhajar cikinta.

Haka nan haƙƙin mutanen da kyamarar za ta iya ɗauka. Manhajar ta kasance tana da hanyar rufe wani sashe na hoto, kamar tagar maƙwabci ko farfajiyar gidansa, kuma ya fi kyau a yi rufewar a cikin kyamarar kanta domin kada hoton da ba a rufe ba ya taɓa fita. Ka ɗaga ta sama ka faɗaɗa abin da take gani yadda ba za a gane fuska ko lambar mota ba, ka kashe makirufo. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, misali, dokar GDPR da ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018 tana ɗaukar hoton mutumin da za a iya ganewa a matsayin bayanansa na kansa. Ka duba ta inda kake kafin ka kunna.

Da ni ne a matsayinka, kyamarar netwok ta waje mai PoE zan saya, in fara da hoto kowane minti ɗaya ko biyu, ta hanyar kyamarar kanta ko ta ƙaramar kwamfuta, in riƙa ajiye kwafin kowane hoto, domin hotuna 1,440 na yini guda, idan kowane minti ɗaya ake ɗauka, FFmpeg tana haɗa su su zama bidiyon daƙiƙa 48 a kan firam 30 a daƙiƙa. Idan Raspberry Pi ce, hoton wucin gadi ya riƙa sauka a ƙwaƙwalwar RAM, saboda yawan rubutu yana gajiyar da katin SD da take ajiya a kai. Kafin ka hau da ita rufi, ka haɗa komai a ƙasa ka gwada shi na mako guda: ka zare wuta ka mayar, ka zare kebul ɗin intanet na awa ɗaya, ka kashe kyamarar ita kaɗai ka bar kwamfutar, kowane karo kana kallo ko hoton zai dawo ba tare da ka sa hannu ba. Bayan ka kafa ta, ka sa wani ɗan umarni a sabar, can waje da gidanka, ya riƙa duba lokacin da hoto na ƙarshe ya shigo, ya aiko maka saƙo idan ya wuce minti 15 ba sabo.